Darasi na 9: Wasan Tartsatsin Wuta, Daga Ajiya Zuwa Kunnawa

Manufofin darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ke sa kayan tartsatsin wuta su kama, da abin da ke sa su ƙi kamawa;
2. auna fili da taku, ya ware wurin kunnawa da wurin 'yan kallo;
3. rubuta takardar jeri, ya lissafa tsawon lokacin wasa;
4. faɗi abin da ake yi wa kayan da suka ƙi tashi, da taimakon farko ga wanda ya ƙone.

Gabatarwa

Ƙarar albarushi ba baƙuwa ba ce a bukukuwan ƙasar Kano. Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Sallah ko Hawan Daushe a birni ya ji yadda 'yan bindiga ke sakin wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, jama'a su san Sarki ya fito. Abin da ya zo daga baya shi ne kayan kwali da ake shigowa da su, akasari daga ƙasar Sin: nokawut da yara ke jefawa, da tsinken da ke fitar da tartsatsi, da manyan da ke tashi sama su watsa launuka. Yau ana ganinsu a daren biki, da ranar Sallah, da lokacin da ƙungiyar ƙwallo ta ci kofi.

Wannan darasi ba ya koyar da haɗa albarushi, kuma ba ya kwaɗaitar da kowa ya saya. Akwai malamai da iyaye da ke ganin ƙona kuɗi ne kawai, almubazzaranci, kuma maganarsu tana da nauyi. Sai dai tunda ana saye ana kunnawa a garuruwanmu, gara babba ya san yadda abin yake, ko da aikinsa shi ne ya tsaya ya ce a'a.

1. Me ke cikin kwalin?

Wutar murhu tana buƙatar abu uku: makamashi, zafi da iska. Idan ka rufe ta da ƙasa, ka hana ta iska, sai ta mutu. Albarushi ya sha bamban. An haɗa shi da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, kuma wannan gishirin shi ke samar da iskar da wutar ke buƙata daga cikin garin kansa. Saboda haka idan ya kama, taka shi da ƙafa ko jefa masa buhu ba ya kashe shi. Ruwa mai yawa ne ke maganinsa, domin yana sanyaya shi yana jiƙa shi.

Mutanen Sin ne suka gano albarushi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma har yau garin Liuyang da ke lardin Hunan na cikin manyan wuraren da ake ƙera kayan tartsatsi a duniya. Launukan da ake gani a sama daga ma'adinai suke fitowa: sinadarin tagulla ke ba da shuɗi, irin sinadarin da ke cikin gishirin miya kuma ya ba da rawaya.

> Akwatin kalmomi
> Albarushi: baƙin gari mai kama wuta nan take, wanda ke tura kayan sama ko ya fasa su.
> Lagwani: siririyar igiyar da ake kunnawa, wadda ke kai wuta cikin kwalin bayan 'yan daƙiƙoƙi.
> Bututu: kwalin da ke riƙe da albarushi, wanda ke nuna wa wutar inda za ta bi.
> Akwatin jere: bututu da yawa a manne wuri ɗaya, lagwani guda ya tashe su ɗaya bayan ɗaya.

Lagwani shi ne agogon mai kunnawa. A Amurka doka ta ce lagwanin kayan da ake sayar wa jama'a ya ci tsakanin daƙiƙa 3 zuwa 9 kafin wuta ta shiga ciki. Wannan ɗan lokaci shi ne na ja da baya. Lagwanin da ya karye, ko ya gajarce, ko ya saki daga gindinsa, ya riga ya ɓata wannan lissafi, kuma irin wannan kaya ba a sa shi a jeri.

2. Izini kafin komai

A Najeriya akwai dokar abubuwan fashewa ta 1964, kuma rundunar 'yan sanda takan fitar da sanarwar hana nokawut da kayan tartsatsi a lokutan Sallah da ƙarshen shekara. Idan akwai irin wannan sanarwa, magana ta ƙare, babu wasa. Idan babu, har yanzu sai an je ofishin 'yan sanda na yankinmu, Bunkure, an tambaya, an kuma sanar da mai unguwa ko dagaci.

Dalilin a fili yake. Ƙarar nokawut da dare tana kama da ta bindiga, kuma mutanen Kano ba su manta da hare-haren 20 ga Janairun 2012 ba. Tsohuwa mai hawan jini ba ta san biki ake yi ba. Ga kuma dawaki da shanu. Da rani makiyaya kan sauka a gonakin da aka girbe, garken da ya firgita da dare kuwa yana iya afka wa alkamar wani, a wayi gari da rigimar da ta fi bikin girma.

Bayanin da za a kai wa dagaci ya zama cikakke: "Ranka ya daɗe, ranar Asabar bayan sallar Isha'i za mu kunna kayan tartsatsi a filin makaranta, ba zai wuce minti biyar ba, kuma ni ne zan tsaya a kai." Rana, wuri, tsawon lokaci da wanda za a tuhuma, duk sun fito.

*Misali na 1.* Haske yana isowa ido nan take, ƙara kuwa tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. Wani manomi yana gadin injinsa a bakin kanal, ya ga haske ya fashe a sama, ya ƙirga daƙiƙa 6 kafin ya ji ƙarar. 340 × 6 = 2,040. Ke nan wurin bikin yana nesa da shi da kimanin kilomita 2. Idan ƙara na kaiwa can, sanarwar ma ya kamata ta wuce unguwa ɗaya.

3. Danshi

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin da yawa daga cikin kayan da ke ƙin tashi, danshi ne ya kashe su tun kafin ranar biki.

Yankinmu yana da wani hali da yawancin ƙasar Kano ba ta da shi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A watan Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau a wasu wurare, gonakinmu shar suke. Ƙasar da ke kusa da kanal da danshinta, raɓa kuma takan sauka da dare a gefen gonakin da aka ba ruwa. A daidai wannan lokaci, taku kaɗan daga nan, ga tarin karan shinkafa, ga ɓuntu a bayan injin casa, ga harawa a kan rumfa, ga dangar kara, duk a bushe. Mai shirya wasa a nan yana fama da abu biyu a dare ɗaya: danshin da zai hana kayansa kamawa, da bushewar da za ta sa dukiyar maƙwabci ta kama.

Kwali da lagwani suna shan danshi, gishirin da ke cikin albarushi kuma yana narkewa a ruwa. Kayan da suka sha danshi suna yin ɗaya daga cikin uku. Ko su mutu gaba ɗaya. Ko su tashi da rauni, su fashe ƙasa-ƙasa a kan mutane. Ko wutar ta yi ta ci a ɓoye, ta tashi bayan kowa ya ɗauka ta mutu. Na ukun ya fi sauran muni, za mu dawo kansa.

Ajiya mai kyau ba ta da tsada. A bar kayan a cikin kwalinsu na asali, a sa a bokitin roba mai murfi ko akwatin katako, a ɗora a kan benci don kada su taɓa daɓe. Ɗakin ya zama mai inuwa wanda ake kullewa, ba shagon kwano da ke ɗaukar zafi ba, tunda a watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Kada a ajiye su a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko a aljihu.

Akwai kuskuren da ya keɓanta da gidan manomi. Ɗakin da ake kullewa a gidan yawanci shi ne ɗakin da ke da buhunan takin zamani, da jarkar fetur ta injin ban-ruwa, da maganin feshi. Nan ne wuri mafi muni. A tashar jiragen ruwa ta Beirut, ranar 4 ga Agustan 2020, gobara ta tashi a wani sito da aka ajiye kayan tartsatsi tare da kimanin tan 2,750 na wani sinadarin da ake yin taki da shi, fashewar ta kashe mutum fiye da 200. Ba kowane taki ne ke da wannan haɗari ba, amma ba aikin manomi ba ne ya gwada. A gida Najeriya ma, ranar 26 ga Disambar 2012, wani gini da aka tara kayan nokawut a Jankara cikin Legas ya kama da wuta, gobarar ta ci gine-ginen da ke kusa, aka yi asarar rai, mutane da dama suka jikkata.

Idan kaya sun riga sun jiƙe, kada a shanya su a rana ko a gefen wuta da nufin a ceto kuɗi. Ko sun bushe, ba wanda zai iya cewa ga yadda za su ci. A nutsar da su a ruwa, a haƙura.

*Misali na 2.* A ɗauka wata ƙungiyar matasa a Barkum ta sayi kaya guda 40 a kan naira 500 kowanne. Jimla: 40 × 500 = naira 20,000. Suka ajiye a ƙasa a ɗakin da ke jikin gona. Ranar biki guda 10 suka ƙi tashi. Asara: 10 × 500 = naira 5,000, wato kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsu. Ban da asarar kuɗi, yanzu akwai abubuwa 10 a fili waɗanda ba a san ko da wuta a cikinsu ba.

Sai a lura kuma cewa Sallah ba ta zama a yanayi ɗaya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 ta kama 30 ga Maris, lokacin zafi da girbin alkama. Babbar Sallah ta 2025 kuwa ta faɗo 6 ga Yuni, a farkon damina. Shirin da ya yi daidai a wannan Sallah ba lalle ya yi a waccan ba.

4. Zaɓen fili da aunawa

Fili yana da kashi uku.

> Akwatin kalmomi
> Wurin kunnawa: inda aka kafa kayan. Masu aiki kaɗai ke shiga.
> Wurin faɗuwa: inda iska za ta kai tartsatsi da ɓaraguzan kwali. Ba mutum, ba dabba, ba kara, ba jinka.
> Layin 'yan kallo: igiya ko zanen toka da ba wanda zai tsallake.

Iska ce ke tsara waɗannan ukun. A tsayar da 'yan kallo ta yadda iska za ta bugi bayansu, ta wuce wurin kunnawa, ta kai tartsatsin wurin faɗuwa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. Amma kada a dogara da wannan kaɗai. A ɗebi ƙasa mai laushi a sake ta, a ga inda ta nufa, a sake gwadawa dab da farawa. Idan iska ta yi ƙarfin da take kaɗa rassan darbejiya, a ɗage wasan.

A jikin kwalin kirki ana rubuta tazarar da za a bari. A ƙasashen Turai ƙananan kaya na tsakar gida suna buƙatar mita 8, manya kuma mita 15 zuwa 25. Kwalin da ba rubutu a jikinsa, ko rubutun ba wanda zai iya karantawa, a ba shi tazara mafi girma, in ma an yarda a kunna shi.

*Misali na 3.* Takun babban mutum 4 kimanin mita 3 ne. Ana son mita 24. Mita 3 nawa ne a cikin 24? 24 ÷ 3 = 8. Sai 8 × 4 = taku 32. Tunda takun mutane ba ɗaya ba ne, a cika shi 40. Wurin faɗuwa a ninka: taku 80. Ke nan daga layin 'yan kallo zuwa ƙarshen wurin faɗuwa ana buƙatar taku 120 babu gida, babu rumbu, babu wayar lantarki a sama, babu mai sayar da fetur a galan. Ƙofar gida da layin unguwa ba su cika wannan sharaɗi ba. Filin ƙwallo ko na makaranta yakan cika.

Game da roka, mai sanda a gindi: a ganina ba ta da wuri a yankinmu da rani. Ba a iya sarrafa inda za ta bi, sau da yawa ma takan karkata ta nufi inda iska ke fitowa, wato kan 'yan kallo, sandar kuma ta faɗo da zafinta inda ta ga dama. Tarin karan shinkafa ɗaya ya ishe ta.

5. Kafawa da takardar jeri

Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye. Duk aikin da za a iya yi da rana, kada a bar shi sai duhu. Bayan La'asar a je fili da kayan aiki: turaku, igiya, faifan katako ko bulo, leda, tocila, alli, bokiti biyu na ruwa da ɗaya na yashi.

Akwatin jere yana girgiza idan yana harbi. In ya faɗi a gefe, sauran bututun za su harba a kwance. Don haka a ɗora shi a kan katako mai shimfiɗe, a sa leda a ƙarƙashi saboda danshin ƙasa, a kafa turke, a ɗaure shi tamau. Turken ya kasance ta ɓangaren 'yan kallo, akwatin a bayansa, domin ko ɗaurin ya saki, ya faɗi can nesa da mutane. A bar aƙalla taku 5 tsakanin wannan da wancan, kada tartsatsin ɗaya ya kunna ɗan'uwansa. A nemo lagwanin kowanne tun da haske, a juya su duka gefe ɗaya, don kada mai kunnawa ya riƙa lalube ko ya tsallaka wani. Sannan a rufa musu leda saboda raɓa, a bar babba ɗaya yana gadi. Sai an zo kunna kowanne ake yaye ledarsa.

Yanzu a rubuta lamba da alli a gaban kowanne, a rubuta takarda: lamba, irin kaya, daƙiƙa nawa yake ci. A fara da ƙanana, a ƙare da babba. Lamba 1 ta kasance a can ƙarshen da iska ke nufa, mai kunnawa ya riƙa matsowa ta inda iska ke fitowa, hayaƙi da tartsatsi suna bayansa.

*Misali na 4.* Akwai akwatin jere guda 6, kowanne an rubuta yana cin daƙiƙa 30. 6 × 30 = 180. Mai kunnawa ba ya kusantar na gaba sai na baya ya gama, a ba shi daƙiƙa 10 kowane tsakani. Tsakani 5 ne a cikin abu 6, ba 6 ba: 5 × 10 = 50. Jimla 230, wato minti 3 da daƙiƙa 50. Mutane da yawa sukan yi mamakin gajartar abin da suka kashe wa kuɗi. Shirun da ke tsakani ba aibi ba ne, kuma ba dalilin gaggawa ba ne. A bar wa makaɗa su cike shi.

Manyan kamfanoni a duniya da waya da kwamfuta suke kunnawa, suna nesa, kuma sukan gwada kowace waya kafin dare. Duk da haka a birnin San Diego na Amurka, ranar 4 ga Yulin 2012, kuskure a tsarin kwamfuta ya sa kayan da aka shirya za su ci fiye da minti 15 suka tashi gaba ɗaya cikin ƙasa da minti guda. Abin da ya tsare jama'a a ranar shi ne tazara, domin an kafa kayan can nesa, akasari a kan ruwa. Kada wani ya ce zai kwaikwayi wannan da batirin babur da wayar rediyo. Aikin ƙwararru ne masu lasisi.

6. Kunnawa

Mutum uku sun isa. Shugaba yana riƙe da takarda da tocila, shi kaɗai ke cewa a kunna ko a tsaya. Mai kunnawa ɗaya ne tak. Na uku yana tsaye da ruwa, idonsa a wurin faɗuwa, ba a sama ba. Idan filin na kusa da kanal, injin ban-ruwa da tiyonsa a shirye ya fi bokiti goma, amma jarkar fetur ta zauna nesa. Wannan tsari na murya ɗaya shi ne abin koyi daga 'yan bindigar Sarki: suna da shugaba, bakin bindiga yana kallon sama, ba kuma kowa ke harbi lokacin da ya ga dama ba.

Mai kunnawa ya sa tufafin auduga masu kama jiki, da takalmi rufaffe, da hula, da farin tabarau na kariya irin na masu aikin ƙarfe. Babbar riga da yadin roba ba na wannan wuri ba ne. Ya ɗaura turaren tsinke a kan dogon kara, ya tsuguna a gefe, ya miƙa hannu, ya taɓa ƙarshen lagwani, ya ja da baya. Kansa kada ya taɓa bi ta saman bututu, ko kafin kunnawa ko bayanta. Ba a karanta rubutun kwali da ashana.

Yara su tsaya a bayan layi tare da iyayensu. Tsinken tartsatsi da ake miƙa wa yaro a hannu saboda ana ganin ba ya fashewa, zafinsa kan kai digiri 1,000, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa.

7. Wanda ya ƙi tashi

> Akwatin kalmomi
> Ɗan gardama: kayan da aka kunna, lagwani ya ci, amma bai tashi ba, ko ya tsaya a tsakiya.

Ɗan gardama kamar garwashi yake a cikin toka: ido bai ganin komai, amma wutar na nan. Mutum yakan ji zafin kuɗinsa, jama'a kuma na ihu a sake kunnawa, sai ya koma ya leƙa. A daidai wannan leƙen ake rasa ido da yatsu.

Ƙa'idar ba ta da sassauci. Shugaba ya ce, "Lamba huɗu ta yi gardama, a wuce." Ya ja layi a takarda. Ba a sake kunna shi, ba a ɗaga shi, ba a girgiza shi. A jira aƙalla minti 20 da agogo. Sannan a kwara masa ruwa daga gefe, a ɗauke shi da shebur, a nutsar a bokiti ya kwana. Kada a fasa shi a kwashi garin ciki, kada a jefa shi a wutar shara, kada a zuba shi a kanal da mutane da dabbobi ke amfani da shi.

Ƙarami ne yakan so komawa, babba ya hana. Idan yaro ya ce, "Kawu, bari in duba, lagwanin ne kawai ya mutu," amsar ita ce, "Ɗana, dawo nan, sai agogo ya cika."

Bayan wasa a zagaya wurin faɗuwa da tocila. Da asuba a sake zagayawa kafin yara su fito, domin su ne ke tsintar ragowar su kai gida.

8. Idan an samu rauni

Idan tufafi suka kama, mutum ya tsaya, ya kwanta, ya yi birgima. Gudu yana ƙara wa wutar iska. A zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. A cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne da fata. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai. A rufa tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti, musamman in ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko yaro ne.

Ido kuwa ba a murza shi, ba a ƙoƙarin ciro abin da ya shiga, ba a ɗiga masa komai. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kai ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti a daren, kada a jira safiya. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112. A tanadi mota ko babur da direbansa tun kafin a kunna lamba 1.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa taka albarushi da ƙafa ba ya kashe shi? Me ke kashe shi?
2. Faɗi abu uku da kayan da suka sha danshi kan yi. Wanne ya fi haɗari, kuma don me?
3. Ambaci abubuwa uku da ke ɗakin ajiyar manomi waɗanda ba a haɗa su da kayan tartsatsi.
4. Ka ga haske, ka ƙirga daƙiƙa 9 kafin ka ji ƙara. Kilomita nawa ne tsakaninka da wurin?
5. An rubuta mita 15 a jikin kwali. Taku nawa ke nan, idan taku 4 mita 3 ne?
6. Akwai akwatin jere 8, kowanne daƙiƙa 20, da tsakani na daƙiƙa 10. Lissafa tsawon wasan.
7. Iska na zuwa daga arewa maso gabas. Zana fili a littafinka, ka nuna layin 'yan kallo, wurin kunnawa da wurin faɗuwa.
8. Ta wane ɓangare ake kafa turke? Bayyana dalili.
9. Rubuta jimla uku da za ka faɗa wa dagacinku idan kai ne shugaban shiri.
10. Aikin rukuni: ku je wani fili a garinku, ku auna shi da taku, ku rubuta duk abin da zai iya kama wuta a kewayensa. Ku dawo aji da hukunci: ya dace ko bai dace ba?